Marsandi SL mai naɗe rufi: yadda ake saye, tuƙi da riƙe ta a ƙasarmu

Tun da na sa hoton motata a gefen hanyar Zariya, rufinta a naɗe, saƙonni ba su yanke ba. Nawa take ci? Ina ake gyara ta? Rufin nan ba ya yoyo da damina? Mutum zai iya riƙe ta a matsayin motar kullum? Na ga gara in haɗa amsoshin wuri guda.

Motar da nake magana a kanta ita ce Mercedes-Benz SL samfurin R230, wadda aka ƙera daga 2001 zuwa 2011, musamman SL500 da SL550, tunda su aka fi gani a Abuja da Kaduna da Kano. Kujera biyu gare ta, injin V8, da rufin ƙarfe mai naɗewa ya shige but. Mai Jaguar XK ko BMW 6 ko Lexus SC430 zai tsinci abin amfani a nan, amma kowace mota da halinta.

Abin da nake so ka riƙe tun daga farko: ba inji ne ke kayar da mai wannan mota ba. Injinta mai juriya ne. Abubuwa uku ne ke cinye kuɗi, kuma dukkansu da matsin mai da lantarki suke aiki: rufin, da tsarin da ke ɗauke da nauyin motar wanda ake kira ABC, da burkinta mai suna SBC. Duk abin da zan faɗa a ƙasa, kusan a kan waɗannan ukun yake zagayawa.

1. Nemo makanike kafin ka nemo mota

Kada ka fara da dillali. Fara da wanda zai riƙa taɓa maka motar. Ba kowane makaniken Marsandi ne ya san R230 ba. Wanda ya ƙware a kan 190 ko C-Class zai iya yi maka juye, amma rufi da ABC wata duniya ce daban. Tambayoyi uku za ka yi masa: yana da kwamfutar Marsandi ta asali, wato STAR ko Xentry, ba 'yar ƙaramar na'urar da ke karanta inji kawai ba? Ya taɓa sauya man ABC? Yaya yake kashe SBC kafin ya taɓa burki? In ya yi inda-inda a ta ukun, yi masa godiya ka wuce.

A Abuja, Apo ne wurin fara cigiya. A Kaduna a bi ta Panteka, a Kano Ƙofar Ruwa, amma yawancin kayan wannan mota daga Ladipo a Legas suke zuwa, ko kai tsaye daga Amurka da Jamus. Ka saba da jira tun yanzu.

2. Takardu da lambar shasi

Dokar kwastam ta hana shigo da motar hannu da ta wuce shekara 12 da ƙerawa, don haka R230 ta riga ta wuce layin. Duk wadda za ka saya yau, wadda take cikin ƙasa ce tun da daɗewa. Wanda ya ce maka “sabuwar sauka” ce, ka nemi takardar biyan kwastam, ka je ofishinsu da kanka a tabbatar da ita da lambar shasi. Mai sitiyari a dama kuwa, irin ta Ingila ko Japan, kada ka saurare ta ko da an ce an mayar da shi hagu. Motar da ke da wayoyi da bututun mai haka ba a yanka ta a sake ɗinkewa.

Yawancinsu daga Amurka suka zo. A lambar shasin motar Amurka mai harafi 17, na goma shi ne shekara: 3 na nufin 2003, 7 na nufin 2007. Duba wannan da kyau, domin ana sauya wa tsohuwa fuska a sayar da ita a matsayin sabuwa. Samfurin farko fitilu huɗu zagayayyu gare shi, daga 2008 aka koma fitila guda a kowane gefe. Fuska tana sauyuwa a garejin fenti, lambar shasi ba ta sauyuwa.

Biya 'yan kuɗi a binciko tarihinta a Carfax, shafin da ke ajiye tarihin motocin Amurka, da wannan lambar. Haɗarin bamba ko ƙofa abu ne mai gyaruwa.

Hattara: in rahoton ya nuna ambaliya ta taɓa shanye ta, ciniki ya ƙare, ko kyauta ce. Kwamfutocinta suna ƙasa-ƙasa, a but da bayan kujeru, kuma ruwan da ya shige su shekaru goma da suka wuce yau yake fitar da ciwonsa.

3. Duba ABC, da sassafe

SL500 da SL550 ba su da shokazoba irin wadda ka sani. Kowace ƙafa tana da sanda mai aiki da mai, famfo a jikin inji yana tura man da matsi mai tsanani, kwamfuta kuma tana daidaita kowace kusurwa a cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa mota mai nauyin kusan tan biyu take shan kwana ba ta kwanta gefe ba. Daɗin motar ke nan, kuma tsadarta ke nan.

Ka ce wa mai motar za ka zo da safe, kada a tayar da ita kafin ka iso. Taɓa bonet ka tabbatar da sanyi. Ja baya ka dube ta daga nesa: kusurwoyi huɗun daidai suke, ko ɗaya ta durƙusa? Wadda ta kwana ta zauna a gefe guda, bawul ɗinta yana sakin mai ko sandar tana yoyo. Leƙa ƙarƙashi da tocila, ka dubi jikin kowace sanda da bututun da ke bi ta ƙarƙashin inji.

Sai ka buɗe tankin man ABC, ka ɗiga man a farar takarda. Lafiyayyen mai kore ne garau. Ruwan ƙasa na nufin ya daɗe. Baƙi mai ƙauri na nufin famfon yana cin kansa. Tayar da motar, ka danna maɓallin ɗaga ta sama, ka sauke, sau uku ko huɗu. Ta tashi gaba ɗaya, ba gaba ya riga baya da nisa ba, kuma kada ka ji gurnani daga gaban inji. A gwajin hanya, bi ta kan tudun rage gudu a hankali. In saƙon ABC ya walƙa a allo daidai lokacin, tulunan iskar da ke riƙe matsi sun mutu, kuma in aka bar su haka bututu ne zai fashe.

Hattara: man ABC guda ne, Pentosin CHF 11S ko wanda ya cika ƙa'idarsa. Na ga motar da aka ɗura wa jan man giya saboda “duk mai ne”, kuma sai da aka sauya famfo da bawul duka. Saƙon ABC in fari ne, je gareji a hankali. In ja ne, tsaya nan take ka kashe inji, a kawo motar ɗauka mai shimfiɗaɗɗen baya. Famfon da ya juya babu mai, cikin mintuna yake ƙonewa.

Akwai SL350 mai V6, wadda yawancinta da shokazoba ta gargajiya ta zo. Ba a sayar da ita a Amurka ba, shi ya sa take da wuyar samu a nan, amma in ka ci karo da lafiyayya, ita ce mafi sauƙin riƙo. Wasu kuma suna cire ABC gaba ɗaya su sa sandunan ƙarfe. Ba na ganin laifinsu, sai dai motar ta rasa rabin abin da ya sa ake son ta, kuma farashinta ya kamata ya sauka daidai da haka.

4. Gwajin rufi

Rufin yana naɗewa cikin kimanin daƙiƙa 16, da famfo guda a cikin but da silinda 11. Kowace silinda tana da robar da ke tsufa, kuma zafinmu yana gaggauta tsufan.

Buɗe shi ka rufe aƙalla sau uku a jere, inji yana aiki. Sau ɗaya ba ya nuna komai, domin famfo mai rauni yakan yi na farko ya gaza a na uku. Kalli tafiyarsa: babu tsayawa, babu karkarwa, gefe biyun suna tafiya tare. Ƙananan fikafikan da ke gefen but su juya su kwanta daidai. In ya rufe, ka ji ƙarar kullewa a saman gilashin gaba, tagogi su hau, saƙon allo ya ɓace.

Daga nan sai neman mai. Shafa hannu a rufin ciki daidai saman gilashin gaba, inda silindar kulle take. Danshi ko tabon mai a nan alama ce da aka sani. Ɗaga shimfiɗar but ka duba wajen famfon, ka ga inda man ya tsaya a tankinsa.

Na ƙarshe, ka sa a kawo tiyo ko bokiti, a zuba ruwa a kan rufin da gilashin baya na minti biyar, ba da matsi ba. Buɗe but, ɗaga komai har ƙasan wurin safaya, ka sa hannu. Robar bakin but ɗin R230 ta yi suna wajen yoyo, ruwan kuma yakan taru daidai inda famfon iskar da ke kulle ƙofofi da buɗe but yake zaune a cikin soso. In ka ji warin rima a but, ko kulle ƙofa yana jinkiri, ka san inda za ka duba.

5. Burkin SBC

A wannan mota ƙafarka ba ita ke matse burki kai tsaye ba. Saƙo take aikawa, famfon lantarki ya yi aikin. Famfon yana da ƙididdigar yawan takawa, in ya cika sai ya nemi a sauya shi. Ka sa makanikenka ya karanta ƙididdigar da kwamfuta kafin ka biya, ka kuma tambayi mai motar ko an taɓa sauya famfon. Wasu suna goge ƙididdigar su sayar da motar. Goge lamba ba ya mayar da tsohon famfo sabo. In SBC ya mutu a hanya, abin da ya rage ɗan burkin gaba ne kawai mai tauri kamar dutse, kuma motar za ta yi nisa kafin ta tsaya.

Hattara: kada ka taɓa bari a cire takalman burki ba a kashe SBC ba. Buɗe ƙofa kawai ko danna makulli yana tayar da tsarin ya gwada kansa, ya matse burkin da dukkan ƙarfinsa. Yatsun yaron gareji na iya tafiya a nan. In dole ta sa ka tsaya a garejin da ba ka sani ba, ka riƙe makullin a aljihunka nesa da motar, ka faɗa musu da bakinka.

6. Lissafin kuɗi

Ba zan ba ka farashin motar ba, don yana bin dala, kuma abin da na faɗa yau ba zai kai wata mai zuwa ba. Ƙa'idata ita ce: in kuɗinka duka za su ƙare a sayen motar, ba ka kai ga sayenta ba tukuna. Ware kamar kashi ɗaya cikin uku na farashinta don shekarar farko. Mai araha da durƙusasshiyar ƙafa ta fi mai tsada lafiyayya cin kuɗi nesa ba kusa ba.

Tankinta lita 80 yake ci. Tawa, a cikin gari da na'urar sanyaya a kunne, tana shan lita 18 zuwa 20 a kowace kilomita 100. A buɗaɗɗiyar hanya takan sauko lita 10 zuwa 11. Ninka wannan da farashin lita na yau, ka ga ko ranka ya kwanta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 wannan lissafin ya daina zama abin wasa.

Inshora: ta mutum na uku naira 15,000 ce tun Janairun 2023, kuma ba ta biyan ko kwabo a kan motarka, ta wanda ka buga kawai. Cikakkiyar inshora ba ta gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar motar. Ga motar da fitilarta guda sai an yi oda daga waje, ni cikakkiya nake yi. Ƙara kuɗin canjin mallaka, da takardar lafiyar mota ta VIO, da la'adar dillali.

7. Satin farko: sauya duk wani ruwa

Ko me aka gaya maka an yi, ɗauka ba a yi ba. Bi wannan tsari.

Baƙin mai da tacensa. Mai mai lambar amincewa ta MB 229.5, 0W-40 ko 5W-40, kusan lita 8. A ƙurarmu da cunkosonmu kada ka jira kwamfutar motar ta ce lokaci ya yi. Ni ba na wuce kilomita 7,000. Jabun mai ya cika kasuwa, ka sayi naka da kanka a wurin da ka yarda da shi.

Man ABC da tacensa, a wanke tsarin gaba ɗaya har sai kore ya fito. Man burki, DOT 4, da kwamfuta ake fitar da iskarsa, kuma duk shekara biyu. Man giya da tacensa, duk kilomita 60,000. In mai giya biyar ce, a duba soket ɗin wayar da ke shiga giyar, yakan yi yoyo man ya bi waya har cikin kwamfuta.

Ruwan lagireto: a zubar da ruwan famfon da ka tarar, a sa na gaskiya. Makanikai da yawa suna cire tamostat su haɗa fanka kai tsaye wai don zafin ƙasarmu. Kada ka yarda. In an riga an yi, a mayar yadda kamfani ya yi.

Injin SL500 na farko, mai lita 5.0, fulogi 16 gare shi, biyu a kowace silinda. Kada a sauya takwas a ce an gama. Wannan injin kuma yana da wata 'yar na'ura mai karanta juyawar karanshaf, wadda in ta tsufa motar takan mutu in ta yi zafi, ta tashi bayan ta huce. Ba ta da tsada. Sauya ta tun kafin ta ajiye ka a hanya. Mai lita 5.5 na 2006 da 2007, wasunsu sun zo da wani haƙorin sarƙar inji mai saurin cinyewa, aikin da sai an sauke inji. Ka sa a duba lambar injin da abin da kwamfuta ta adana.

Tayoyi: kada ka dubi zane kawai. A gefen taya akwai lamba huɗu, sati da shekara, misali 2319 sati na 23 ne na 2019. Wadda ta haura shekara biyar a zafinmu, cire ta. Mai ƙafa inci 18 tana ɗaukar taya mai lamba 255/40 a gaba, 285/35 a baya, don haka ba a musanya na gaba da na baya. Tayar hannu ba ta dace da motar da ke iya gudun kilomita 250 a awa ba.

8. Yadda ake buɗe rufin kullum

Tsaya cak a shimfiɗaɗɗen wuri, ba ƙafa ɗaya a kan dakali ba, domin in jikin motar ya murɗe kulle ba ya haɗuwa. Bar inji yana aiki. Tabbatar akwai fili sama da kuma baya, saboda murfin but baya yake buɗewa ya wuce bamba. Labulen da ke raba kaya da wurin rufi a cikin but sai an ja shi ya shiga maƙalinsa, in ba haka ba rufin ba zai motsa ba. Rabin masu kira na suna cewa rufi ya lalace, labulen nan ne. Kada kaya ya tura shi sama.

Riƙe makunnin har aikin ya ƙare gaba ɗaya.

Hattara: kada ka bar rufin a rabin hanya ka kashe mota. Matsin yana sauka bayan ɗan lokaci, rufin ya faɗo da nauyinsa. Kuma kada hannun kowa, musamman yara masu taruwa kallo, ya kusanci mahaɗansa. Kada a ajiye jaka a bayan kujeru inda ƙarfen kariya yake, domin in motar ta ji alamar kifewa, cikin ƙasa da rabin daƙiƙa yake harbowa sama.

Buɗe shi aƙalla sau ɗaya a sati ko ba ka da niyyar yawo. Robar da ba ta ganin mai ita ke bushewa.

9. Tuƙi a cikin gari

Motar ƙasa take, hancinta dogo. Tudun rage gudu a kaikaice ake hawansa, taya ɗaya bayan ɗaya, bayan ka danna maɓallin ɗaga mota. Haka ma gangaren shiga gida da na gidan mai. Ramin da Corolla za ta faɗa ta fita, a nan ƙafa ce za ta lanƙwashe.

Da safe ba ta minti ɗaya, sannan ka tafi a hankali har allurar zafi ta hau. Man ABC ma yana son ya ɗumama.

Kamfani man fetur mai ƙarfin 95 ya ce a sa mata, namu kuwa iri ɗaya ne a kowane famfo kuma yawanci bai kai haka ba. Injin yana da na'urar da ke sassauta kansa ya jure, amma kada ka take ta har ƙasa da tsakar rana a cikin zafi. Zaɓi gidan mai guda mai yawan ciniki ka tsaya a kansa. Man bumburutu kuwa, ko a mafarki.

A cunkoso irin na Mararaba ko Kasuwar Kwari, rufe rufin. Hayaƙin tirela da A Daidaita Sahu a fuskarka zai ƙare, kuma waya a kan kujera tana gaban hannun kowa. Wannan mota tana jan ido ko a rufe, don haka ka yi tunani a kan inda kake zuwa da ita da lokacin da kake dawowa.

10. Doguwar tafiya

Don wannan aka yi ta, kuma a nan ne za ka gane abin da ka saya. Fita bayan sallar asuba, lokacin da iska ke da sanyi. Naɗe rufin, amma ka ɗaga tagogi duka, ka kuma ɗaga ragar tare iska da ke bayan kujeru. Da haka, a gudun 100, wanda shi ne iyakar doka a babbar hanya, kai da abokin tafiyarka za ku yi hira ba tare da ɗaga murya ba. Injin yana can ƙasa yana gunji a hankali, ƙanshin gonaki yana shigowa, duwatsun hanyar Jos suna kanka ba a bayan gilashi ba. Na tuƙa motoci da yawa, ban san wani abu mai kama da wannan sa'a biyun farko ba.

Hula a cire a ajiye, iska ba ta barin ta. Uwargida ta ɗaure mayafi da kyau, kada gefensa ya yi ta kaɗawa waje. Tabarau dole ne saboda tsakuwar da manyan motoci ke watsowa. Daga ƙarfe goma na safe rufe rufin. Iska tana ɓoye zafin rana, ba za ka ji kana ƙonewa ba sai ciwon kai ya kama ka. Ajiye ruwan sha kusa.

But ɗin yana raguwa sosai in rufi ya shiga. Jaka biyu masu laushi, ba akwati mai tauri ba. Akwai maɓalli a bakin but da ke ɗan ɗaga naɗaɗɗen rufin ka zaro kaya. A ƙarƙashi ka ajiye lita ɗaya ta man ABC, da lita ɗaya ta baƙin mai, da famfon taya mai aiki da batir, tunda safayarta irin wadda sai an hura ce, wasu ma ba su zo da ita ba. Tsakanin gari da gari babu mai facin da zai samo maka 285/35. Tafiya da rana kawai, kuma ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki kafin ka kama ta.

Ƙarfin motar a tayoyin baya yake. Kada ka kashe ESP, tsarin da ke hana mota zamewa. In ruwa ya sauko, mayar da giya kan C, ko W a samfurin farko, sai ta tashi da giya ta biyu ba tare da baya ya zame ba.

11. Hunturu, bazara, damina

Hunturu shi ne lokacin da ya fi daɗin buɗe rufi, kuma shi ne mafi cutar da shi. Ƙurar tana shiga mahaɗai da robobi ta zama kamar yashin gogewa. Ranar da hazo ya yi kauri, bar shi a rufe. Duk sati biyu ka tsayar da rufin a rabi na ɗan lokaci kaɗan, inji yana aiki, wani yana kula, ka goge robobin da jiƙaƙƙen tsumma, sannan a shafa musu man roba, Krytox ko na silikon. Ban da baƙin mai, ban da man shafawa na jiki, suna kumbura roba. Tacen iska na inji da na cikin mota a sauya su ƙarshen hunturu.

Da bazara, inuwa ita ce magani. Kada ka ajiye ta a buɗe a rana, fatar kujeru tana tsagewa. Mai rufin gilashi ya riƙa jan labulensa.

Kafin ruwan farko, a buɗe magudanan ruwa na gefen but da na ƙasan gilashin gaba, waɗanda ƙurar hunturu ta toshe, a sake gwajin tiyo. A wurin wanki ka hana su kai bakin injin feshi kusa da robobi. Ruwan da ya kwanta a titi kuwa, in ya kai rabin taya, juya. Ko motocin da ke gabanka sun wuce, kai juya.

12. In za ta kwana biyu a ajiye

Batir biyu gare ta. Ƙaramin da ke gaba na tayar da inji ne, babban da ke but shi ke ɗauke da sauran kayan lantarki. In na but ya yi rauni, motar za ta tashi lafiya amma ta kashe wasu abubuwan jin daɗi, rufin ma ya ƙi motsi har sai ya ɗan caji. Kafin a ce maka famfon rufi ya mutu, a auna wannan batirin. Na san wanda aka sauke wa rabin but ana neman matsala, ashe batir ne ya shekara shida.

In za a ja mata wuta daga wata mota, a batirin gaba kawai, kuma a tabbatar da kan waya kafin a haɗa. Kuskure guda yana ƙone kwamfuta.

Wannan mota zama yake kashe ta fiye da tafiya. In za ka yi tafiyar sati biyu ko fiye, Umara ce ko aiki, haɗa wa batirin but ƙaramar caja mai kashe kanta in ya cika, ta bayan abin daidaita wuta saboda hawa da saukar lantarkinmu. Rufe rufin ya kulle, cika tanki, ƙara wa tayoyi iska kaɗan, kada ka bar ko ɓawon gyaɗa a ciki saboda ɓera, wanda ke son wayoyin bayan kujeru. In akwai wanda ka yarda da tuƙinsa, ya fita da ita minti talatin duk sati, ya ɗaga ta ya sauke, ya buɗe rufin ya rufe. Tayar da ita a tsaye a gareji bai wadatar ba, sai tayoyi sun juya man ABC ya zagaya ƙafafu huɗun. Ranar da ka dawo, kafin ka sa makulli, zagaya ta ka dubi tsayin kusurwoyin da kuma simintin da ke ƙarƙashinta.